Jan Gemun Imro Sabol

A unguwarmu ta bayan mayanka, a Chicago, in ka ce Imro Sabol ba kowa zai gane ba. Amma ka ce Mai Jan Gemu, ko jiya mutum ya sauka daga jirgi zai nuna maka gidan da yake haya. Gemu ne ba na wasa ba, ja wur kamar garwashi, ya sauko har tsakiyar ƙirji. Shi kansa mutumin ba wani abin kallo ba ne. Gajere ne, kafaɗunsa a ranƙwafe, aikinsa sharar titi, yana tura amalanke yana kwashe kashin dawakai. Duk abin da Allah ya hana shi na kwarjini, ya tara masa a haɓa.

Daga wani ƙauyen 'yan Sulobak na cikin duwatsun Turai ya zo, kamar yawancinmu. Ya baro matarsa Judita da 'yarsu Verona, lokacin yarinyar tana koyon tafiya. Ya ce shekara biyu zai yi ya koma. Kowa haka yake cewa. Tari ya kashe Judita tun bai tara abin komawa ba, yarinyar ta koma hannun kakarta, shi kuma ya ci gaba da ɗaukar cinyoyin shanu a ɗakin sanyi na mayanka har sanyin ya cinye masa yatsun hannun hagu, aka sallame shi.

Nan ne Kyaftin Dolan ya shigo rayuwarsa. Fergus Dolan ba soja ba ne, bai taɓa riƙe bindiga ba. Shi ne idon jam'iyya a unguwa, shi ya sa ake ce masa Kyaftin. In gawayinka ya ƙare da hunturu, Dolan. In 'yan sanda sun kama ɗanka, Dolan. In an yi maka rasuwa, kafin fada, limamin coci, ya iso Dolan ya riga shi, hula a hannu, ido jawur kamar uwarsa ce ta mutu. Shi ya sama wa Imro takardar zama ɗan ƙasa, shi ya ba shi tsintsiyar hukuma. Ba ya neman komai a wurinka sai ranar zaɓe, amma fa ranar nan tasa ce tun daga gashin kanka har tafin ƙafa.

Da Verona ta zama budurwa, kakar ta fara jin jiki, Imro ya yanke shawarar a turo masa 'yarsa. Abin da ya hana shi barci shi ne tasha. Duk mun san abin da ke faruwa a tashar jirgin ƙasa a shekarun nan. Yarinya za ta sauko ita kaɗai, ba ta jin harshe, wani ya tare ta da fara'a ya ce babanta ne ya aiko shi, shi ke nan an daina jin ɗuriyarta. Bai san fuskar 'yarsa ba, ita ma ba ta san tasa ba. Sai ya sami wani mutumin ƙauyensu, Gejza, da zai koma gida, ya zaunar da shi ya ba shi saƙo, ya sa ya maimaita har ya hau bakinsa.

“Ka gaya mata kada ta bi kowa. Ko ya kira sunan uwarta, ko ya kira sunan ƙauye, ko ya faɗi launin ƙofar gidanmu. Waɗannan duk ana iya tambaya a sani. Ta nemi jan gemu har ƙirji. Babu na biyu a Chicago. Wanda ba shi da shi, ko kuka yake da jini, ta yi ihu.”

Gejza ya kai saƙo yadda aka ba shi. Kakar kuwa ba ta tsaya nan ba, ta ja yarinyar coci ta sa ta dafa gicciye ta rantse. Da labari ya dawo wa Imro, daɗi ya kama shi. Ya riƙa gaya wa mutane a bakin titi irin dabarar da ya yi, yana shafa gemun kamar mai shafa doki.

Shekarar nan aka yi zaɓen magajin gari da ya fi kowanne zafi a iya sanina. Mai kujera yana so ya zarce, wani kuma ya taso daga unguwannin masu hali yana cewa zai share gari tas. Imro ya ce in sharar gari yake so, ya zo ga tsintsiya. Amma Dolan bai ga abin dariya ba, don in kujera ta tafi, shi da duk wanda ya ɗora a kan aiki sun tafi tare. Ana ta ganga da tutoci, ana fasa wa juna kai a mashaya. Ƙanƙara ta narke, titi ya zama taɓo.

Ana cikin haka jirgin ruwan su Verona ya iso New York. Sai aka tsare ta a tsibirin da ake tantance baƙi, wai yarinya ce ita kaɗai, ba za a sake ta ba sai wani mai faɗa a ji ya buga waya ya shaida cewa ubanta yana nan, yana da aiki. In ba haka ba, jirgin da ya kawo ta shi zai mayar da ita. Imro ya jingine amalankensa ya ruga mashayar da Dolan ke zama. Ana gobe zaɓe ke nan.

“Ranka ya daɗe, 'yata ce. Sun tsare ta.”

“Na ji, Imro, na ji. Zauna ka huta. Wannan ai ba komai ba ne. Ina da mutum a can, waya ɗaya ta isa.” Dolan ya tsaya yana kallon gemun, ya karkata kai. “Ka san shekara nawa ina ganin wannan dukiya tana yawo a titi a banza?”

“Wace dukiya, ranka ya daɗe?”

“Wannan ta haɓarka. Mai fuska a goge ƙuri'a ɗaya gare shi. Kai kuwa huɗu kake ɗauke da su. Ka jefa ta farko da gemunka. Tano mai aski ya sauke maka haɓa ya bar saje da gashin baki, mu kai ka wata rumfa. A sauke saje, wata rumfar. A sauke gashin baki, ko uwarka ba za ta gane ka ba. Sunaye kuma ba ma rasa su, maƙabarta cike take da mutanen kirki.”

Imro ya dafe gemunsa da hannu. Ya yi ƙoƙarin bayani da guntun Turancinsa, maganar saƙo, maganar rantsuwa. Dolan ya saurare shi har ƙarshe, don shi ba mai katse mutum ba ne.

“Haba Imro. 'Yarka ce fa, jini ba ya ɓuya. Ka kira sunanta za ta rungume ka. Gashi ne, ba hannu zan cire maka ba, zai tsiro. Amma in muka faɗi gobe, ba ka da tsintsiya. In ba ka da tsintsiya, me zan gaya wa mutanen tsibiri? In yi musu ƙarya?” Ya dafa masa kafaɗa. “Ana rufe akwatin zaɓe, zan buga wayar da hannuna.”

Ban ga laifin Imro da ya yarda ba, kuma duk wanda ya ce da shi ne da ya ƙi, ƙarya yake. In ya ƙi, za a mayar da yarinyar. In ya yarda, ko ba komai za ta iso garin da yake.

Washegari ya jefa ta farko da sunansa na gaskiya, aka kwashe su a keken doki zuwa bayan shagon Tano. Tano ɗan Italiya ne, mai aski, mutum mai surutu kamar me. Ɗakin ya cika da mazaje masu gemu, waɗanda aka tara aka ciyar tun hunturu saboda wannan rana, ana zaga musu kwalba. Da suka ga Imro sai shewa ta tashi.

“A'a, yau har da sarkin? A ba shi wuri.”

“Tano, ka ajiye mini rabin, matata na neman abin cusa matashi.”

Tano bai yi dariya ba. Ya ɗaura masa tawul, ya kama gemun da hannu biyu yana jinjinawa. “Shekara da shekaru ina roƙonka ka shigo in gyara maka bakinsa kawai, ka ƙi. Yau ka shigo, kuma ga abin da ya kawo ka. Wallahi hannuna ba ya so.”

“Ɗaure shi da zare tukuna,” in ji Imro. “Ka yanke shi gaba ɗaya, kada ya watse. Ina so.”

Haka aka yi. Tano ya ɗaure, ya sa almakashi, ya miƙa masa. Imro ya naɗe shi a hankici ya sa a ƙirjinsa, cikin riga. Dabararsa ke nan: in ta gani a hannunsa, ai za ta gane. Ya jefa ta biyu da sunan wani da bai sani ba. Ta uku da sunan wani Pavol Ondrus, wanda shi kansa yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa, har sai da harshensa ya sarƙe wajen faɗin sunan. Kafin ta huɗu aska ta dakushe, Tano yana sauri, ya yayyanka masa haɓa. Da ya fito iska ta bugi fuskarsa, sai ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa.

Da yamma ya koma gida. Hermina, bazawarar da yake haya a gidanta, tana buɗe ƙofa ta ɗaga ludayi.

“Wa kake nema? Ba ma ba da sadaka.”

“Ni ne, Hermina.”

Ta tsaya tana kallonsa, ludayin ya sauko a hankali. Fuskar ƙarama ce, fara fat daga hanci zuwa wuya, sama kuma rana ta ƙona ta. “Wayyo Imro, me suka yi maka? Ni da nake ba ka abinci kullum ban gane ka ba, ina ga yarinyar?” Da ya nuna mata hankicin, sai ta ce ya mayar, abin ba kyan gani. Ta ce ranar da jirgi zai zo ya jira ta, za ta sulale daga wurin aiki in an tashi cin abincin rana, su tafi tare, don mace ta fi sakin jiki da mace.

Mutumin Dolan ya ci zaɓe. Dolan kuma ya cika alkawari, wannan ba za a hana shi ba, ya buga waya, aka saki Verona, aka sa ta a jirgin ƙasa na baƙi. An ce jirgin da yamma zai iso. Imro ya kasa zama, tun da safe ya tafi tasha ya tsaya, wai don ya san ƙofar da za su fito. Jirgin ya shigo tun rana ba ta take ba, Hermina tana can tana cusa nama a gwangwani.

Aka buɗe ƙofa, mutane suka ɓarke, ƙunshin kaya a kai, yara a kafaɗa, masu keken doki suna fizgar kayan mutane. Kowane baƙo da takarda a maƙale a ƙirji, an rubuta inda za shi. Imro bai ma buƙaci takarda ba. Ya hango ta a jikin ginshiƙi, ta rungume ƙunshinta, da ɗankwali mai ruwan toka. Goshin Judita ne, tsayuwar Judita ce, har yadda take cije leɓe. Tana bin fuskokin maza da kallo, amma ba idanunsu take kallo ba, haɓarsu take kallo. Idonta ya zo kansa ya wuce.

“Verona.”

Ta juyo.

“Verona, 'yata, ni ne babanki.”

Ta dubi haɓar nan mai yanka-yanka, ta ja da baya. “Ban san ka ba, malam. Babana nake jira.”

“Ni ne. Sunan uwarki Judita. Ƙofar gidanmu shuɗiya ce. Akwai bishiyar tuffa a bayan rijiya, ni na dasa ta.”

Kowace kalma ya faɗa, sai idonta ya ƙara girma. Ai abin da aka gaya mata ke nan za a faɗa, daki-daki, kuma shi ya rubuta musu karatun da bakinsa. Ya ga tana shirin gudu, hankalinsa ya tashi, ya manta da maganar Hermina. Ya zura hannunsa mai guntayen yatsu cikin riga, ya warware hankicin, ya miƙa mata.

“Duba. Ga shi nan. Ga gemun.”

Ku dubi abin da yarinyar nan ta gani. Baƙon namiji, fuska duk ciwo, yana riƙe da gemun ubanta a yanke, an ɗaure da zare. Ta ƙwalla ƙara har tantabarun rufin tasha suka tashi.

Ɗan sandan tasha ya iso a guje. Shi dai an gaya masa ya sa ido a kan masu farautar 'yan mata, ga kuma ɗaya ya kama hannu da hannu. Ya kwaɗa wa Imro kulki a ƙeya, ya murɗe masa hannu. Imro yana ihu da harshenmu, Turancin ma ya gudu daga bakinsa. Gemun ya faɗi, aka bi ta kansa. Ana jan sa a ƙasa yana waige, sai ya ga wata mata mai hula mai kyau da safar hannu ta matso kusa da Verona, ta rungumo ta. Ya ji ta da kunnensa, da harshenmu tsantsa take magana.

“Zo nan, 'yata, kada ki ji tsoro. Irinsu ne aka gaya miki. Na san babanki sarai, mai jan gemu ba? Zo in kai ki.”

Ta sa hannu ta cire takardar ƙirjin yarinyar. Iyakar abin da ya gani ke nan.

Hermina ta zo tasha a lokacin da suka yi, ba ta ga kowa ba. Kafin ta gano inda aka kulle shi rana ta kusa faɗuwa. Ta nemi Dolan, aka ce ya bi manya wani wurin hutawa a bakin tafki, suna shan iskar nasara. Sai da ya dawo aka saki Imro. Ba zan ce Dolan bai yi komai ba. Ya aika yaransa wasu gidaje da kowa ya san irinsu, an duba, an tambaya. Fada ya yi sanarwa a coci. Hermina ta bi ɗakunan kwanan 'yan mata ma'aikata da gidajen da ake ɗaukar 'yan aiki. Wani ya ce ya ga mai kama da ita a jirgin da ke zuwa yamma, wani ya ce a'a, a wani gidan wanki ya gan ta. Ba ko ɗaya da ya tabbata.

“Gari babba ne, Imro,” in ji Dolan daga ƙarshe, yana kallon ƙasa. “Faɗi abin da zan yi maka.”

“A mayar da ni sharar bakin tasha.”

Aka mayar da shi. Ya ce wa Hermina yarinyar ba ta da wayon gari, amma tana da riƙon alkawari. Duk ranar da ta samu ta kuɓuce daga inda take, tasha za ta dawo, don nan kaɗai ta sani, kuma gemu za ta nema. Abin da ya rage masa kawai ya jira gashi ya tsiro.

Ya tsiro kuwa, amma fari ya fito. Tun yana ƙaya-ƙaya Hermina ta lura. Shi ma ya gani, ya ce in ya yi tsawo zai juya. Ya yi tsawo, ya sauko har ƙirji kamar da, fari sol, ko sili ɗaya ja babu. Ranar da ya haƙura ya yarda, ya zauna a bakin gado ya yi kuka irin na yara, Hermina tana tsaye a ƙofa.

Ita ce ta kawo maganar ɓawon albasa. Da shi muke rina ƙwai su yi ja a bikin Ista, kowace mace a unguwa ta iya. Ta tafasa ɓawon har ruwan ya yi duhu, ya tsoma gemun a kwano yana zaune kamar mai shan romo. Bai yi ja ba. Wani irin rawaya ya yi mai datti, kamar an zuba masa shayi. Masu keken doki a bakin tasha suka sa masa suna Baba Albasa. Bai kula su ba. Duk ranar Lahadi in an dawo daga coci sai ya sake rinawa, mata kuma suka riƙa tara masa ɓawo suna aikawa gidan Hermina ba tare da an roƙe su ba.

Haka ya tsufa a bakin ƙofar nan. Aka yi zaɓe aka sake yi, kujera ta fita hannun su Dolan ta dawo, mata ma suka fara jefa ƙuri'a, aka daina wasan gemu don an sami dabarun da suka fi shi sauƙi. Imro bai ƙara taka rumfar zaɓe ba, Dolan kuma bai ƙara tambayarsa ba. In jirgi ya shigo sai ya jingine tsintsiya, ya miƙe, ya ɗaga haɓa yadda za a gani da kyau. Da farko 'yan mata yake dubawa. Daga baya ya koma duban matan da suka manyanta, don yana lissafin ita ma shekaru suna tafiya da ita.

Ciwon huhu ne ya ɗauke shi, wani hunturu. Aka shimfiɗe shi a falon Hermina kamar yadda muke yi, aka aika wa Tano, don al'ada ce mai aski ya zo ya goge wa mamaci fuska kafin mutane su shigo. Tano ya zo yana jan ƙafa, shi ma ya tsufa. Ya buɗe jakarsa, ya fito da aska, ya dubi gawar, sai ya mayar ya rufe jakar.

“Na yi sau ɗaya,” ya ce. “Ya isa.”

Kwanakin jinya sun wanke rinin, gemun ya koma fari. Hermina ta ɗora tukunya, ta zuba duk ɓawon da ya rage a gidan. Tano ya riƙe mata kwano, ita kuma tana tsoma tsumma tana shafawa sili-sili, har ya kama. Ta taje shi ta shimfiɗa masa a ƙirji, a saman rigar, ba a ciki ba. Ta sa aka juya akwatin ya fuskanci ƙofa, ta buɗe ƙofar ta tokare ta da kujera duk da sanyin da ake yi. Masu gaisuwa suna shigowa suna cewa a rufe, iska na shigowa. Hermina ta ce a bar ta haka, akwai wadda ba ta iso ba tukuna.